Binciken Halin Ma'aikata a Shagunan Sayar da Magani

Lasisin sayar da magani takarda ce da hukuma take ba mai shago, amma ba shi kaɗai ke taɓa maganin ba. Akwai yaron shago mai miƙa wa jama'a, akwai mai riƙe da makullin sito, akwai kuma mai rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan binciken da akan yi wa irin waɗannan ma'aikata, don a tabbatar ko kotu ta taɓa samun su da laifi.

A ƙasar Amurka an daɗe da mayar da wannan al'amari doka. A shekarar 1970 aka kafa dokar kula da magunguna masu sa maye, a 1973 kuma aka kafa hukumar DEA mai zartar da ita. Ƙa'idar hukumar ta hana mai lasisi ya ɗauki wanda aka taɓa samu da babban laifin da ya shafi ƙwayoyi, ya sa shi inda hannunsa zai kai ga irin waɗannan magunguna, sai fa idan hukumar ce ta ba da izini na musamman.

Abin da ya faru a Nijeriya a shekarar 2018 ya isa ya nuna hikimar wannan tanadi. A wani shirin bincike na BBC an ga wasu ma'aikatan kamfanonin magani suna sayar da maganin tari mai kodin ta bayan fage, aka kuma ga irin ɓarnar da yake yi wa matasa a Kano. Cikin watan Mayu na shekarar gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi. Kamfanonin suna da lasisi, amma Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Hanyar yin binciken kuwa akwai ta. Rundunar 'yan sandan Nijeriya takan ba da takardar shaidar hali bayan ta ɗauki hoton yatsun mutum ta duba kundin masu laifi. Tun kafin wannan ma, Bahaushen ɗan kasuwa bai saba ɗaukar yaro ba sai ya san asalinsa, ya kuma sami dattijon da zai tsaya masa.

Sai dai binciken yana da iyaka. Kundi ba ya nuna kowa sai wanda aka kama aka hukunta, kuma idan aka tsananta, za a toshe wa wanda ya tuba hanyar cin abinci. Saboda haka ya kamata a dubi irin laifin da daɗewarsa, sannan a haɗa binciken da ƙidayar kaya a kai a kai, domin lissafin sito shi ke tona wanda takarda ta wanke.