Mai Gadin Littattafai Ko Malamin Jami'a?

Ranar da muka koma Ruwan Godiya hutu muka ce ilimin laburare muke karanta, sai da wani kawunmu ya ajiye kofin shayinsa. "Shekara huɗu don ka koyi kaɗe ƙurar littafi?" Aka yi dariya, mu ma muka taya. Amma da yawanku kun kusa cike fom ɗin JAMB, kuma irin wannan dariyar kan sa ɗalibi ya guje wa kwas ɗin da bai ma san shi ba.

Daga Funtuwa zuwa Zariya ba nisa. A can Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da ilimin laburare a 1968, kuma ita ce ta fara ba da digirin farko a fannin a Najeriya. Wanda ya taɓa shiga Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru ya san aikin ya wuce jera littattafai. Kowane littafi sai an tantance fanninsa, an ba shi lamba, an shigar da shi kwamfuta, domin littafin da aka ajiye a gurbin da ba nasa ba, da shi da ɓatacce duk ɗaya.

Abin da kawu bai sani ba, ma'aikacin laburaren jami'a mai digiri a fannin cikin sahun malamai yake. Yakan shiga aji ya koya wa sababbin ɗalibai yadda ake neman bayani, kuma ƙarin girmansa na rataye ne da bincike da maƙalun da ya wallafa. Ke nan digiri ɗaya ba ya kai mutum ko'ina, sai an ɗora da na biyu, galibi har da na uku. Akwai kuma rajista da hukumar LRCN, wadda dokar 1995 ta kafa. Tsanin dogo ne, albashin farko kuma ba ya sa mutum fariya, gara mu faɗa muku tun yanzu. A ƙarshensa akwai kujerar shugaban laburare, ɗaya daga cikin manyan jami'ai, tare da shugaban jami'a da rajistara da ma'aji.

Ba dole sai Zariya ba. Jami'ar Bayero ta Kano da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina duk suna da sashen. Ku dai riƙe Ingilishi da Lissafi da kyau. In makarantarku na da ɗan ɗakin karatu, ko kabad ɗaya ne, ku roƙi malam ya bar ku ku rubuta sunayen littattafan da ke ciki da na masu aro.