Daga Kano Zuwa Jidda: Kilomita Nawa, Awa Nawa?

Duk shekara muna raka iyaye da kakanni filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, mu koma gida muna jiran wayar cewa sun sauka lafiya. Amma mu nawa ne a cikinmu za su iya lissafa lokacin da ya kamata wayar ta shigo? Lissafin bai fi ƙarfin ɗalibin ƙaramar sakandare ba.

Mu fara da nisa. Idan aka ja layi miƙaƙƙe ta sama, tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin kilomita 3,400. Layin yana ratsa Chadi da Sudan, sannan ya tsallaka Bahar Maliya. Babban jirgin fasinja kuwa yakan yi gudun kusan kilomita 850 a awa guda idan ya daidaita a sama. Ku tuna abin da malamin lissafi ya koya mana: a raba nisa da gudu, sai a sami lokaci. Idan muka raba 3,400 da 850, amsar ita ce awa 4.

To me ya sa tafiyar takan kai awa huɗu da rabi ko biyar? Jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa, sai ya ɗauki lokaci yana hawa, haka kuma yakan rage gudu tun kafin ya sauka. Ba ya bin miƙaƙƙen layi, akwai hanyoyin da masu kula da zirga-zirgar jirage suka shata masa. Iska ma tana da tata rawar: idan ta biyo bayansa ta rage masa lokaci, idan ta tare gabansa ta ƙara. Sai kuma halin da ƙasashen kan hanya suke ciki. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo, man da ake ƙonawa ma ya ƙaru.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne bambancin agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa 2. A ce jirgi ya bar Kano ƙarfe 10 na dare, ya yi awa 5 a sama. Agogonmu zai nuna 3 na dare, na Jidda kuma 5 na asuba. A dawowa, wanda ya tashi 12 na rana agogon Jidda zai sauka Kano 3 na yamma agogonmu. Tikiti yana nuna lokacin garin da aka tashi da na garin da za a sauka, shi ya sa mai duba shi zai zaci zuwa awa 7 ce, dawowa awa 3, alhali duk ɗaya ne.

Kafin jirgi, wannan hanya ce kakanninmu suke bi a ƙasa ta Chadi da Sudan, su shiga jirgin ruwa a Sawakin. Wasu watanni suke yi, wasu shekaru, wasu ma can suka zauna.

Ga aikin gida: jirgi ya bar Jidda 9 na safe, ya yi awa huɗu da rabi. Ƙarfe nawa za ku je tarbar Hajiya a Kano?