Zaman Tsaro da Jiran Komowar Almasihu

A aƙidar Kirista, Yesu Almasihu zai komo duniya, amma ba a sanar da kowa ranar ba. Daga nan ne batun zaman tsaro ya samo asali. A Linjilar Matiyu, sura ta 25, an buga misali da 'yan mata goma masu jiran ango da dare. Biyar sun yi tanadin man fitila, biyar ba su yi ba. Da ango ya yi jinkiri, barci ya kwashe su duka goman. Ashe laifin ba na barci ba ne, na rashin tanadi ne.

Wasu kuwa sun ɗauka tsaro shi ne lissafin rana. Alal misali, a Amurka mabiya William Miller, bisa ga fahimtarsu ta Littafin Daniyel, sun tsayar da 22 ga Oktoba, 1844, har wasunsu suka bar gonaki ba girbi. Ranar ta zo ta wuce, da yawa suka watse.

Amma ƙarshen waccan sura ta Matiyu ya fayyace shirin da ake nufi, wato ciyar da mayunwaci, da tufatar da huntu, da gai da majiyyaci da ɗan kurkuku. Wanda yake kan wannan aiki, ko yaushe ango ya iso, fitilarsa tana ci.