Tsakanin Ƙoƙon Kai da Ƙwaƙwalwar Jariri

Ƙoƙon kan jariri faya-fayan ƙasusuwa ne da wasu mahaɗai masu taushi suka riƙe, kuma maɗigar da iyaye mata ke yawan dubawa a tsakar kai ita ce inda mahaɗan suka gamu, wadda takan rufe kafin yaro ya cika shekara biyu. Ƙwaƙwalwa ce ke tura ƙasusuwan yayin da take girma, shi ya sa ƙanƙantar kan da aka gani a jariran Brazil lokacin annobar Zika a 2015 ta samo asali daga ƙwaƙwalwar da ta kasa girma, ƙashi bin ta kawai ya yi.

Wani lokaci kuwa matsalar daga ƙashin take, inda mahaɗa ke ƙamewa tun lokacinta bai yi ba, abin da ke samun jariri ɗaya cikin kimanin 2,000 zuwa 2,500. Tun 1851 likitan Jamus Rudolf Virchow ya bayyana cewa kai yakan daina buɗewa ta wajen da aka toshe ya rama ta tsawon mahaɗar, don haka idan ta tsakiya ce ta ƙame, sai kan ya fito dogo siriri kamar kwalekwale. Idan mahaɗa ɗaya ce kawai, galibi ginin ƙwaƙwalwar lafiya lau yake.

Alaƙar ƙashin da ƙwaƙwalwar ta fi fitowa a cututtuka biyu masu ɗauke da sunayen likitocin Faransa, Apert da Crouzon, waɗanda duka ke tasowa daga sauyi a ƙwayar gado guda mai suna FGFR2, amma illarsu ga ƙwaƙwalwa ta sha bamban. A cutar Crouzon mahaɗan ƙeya kan rufe da wuri, gurbin ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke daidaita motsin jiki ya matse, sai gindinta ya zurma cikin ramin da laka ke bi, yanayin da ake kira nakasar Chiari, wanda kan tare hanyar ruwan ƙwaƙwalwa har ya taru. A cutar Apert wannan zurmawa ba ta cika faruwa ba, sai dai akan tarar gadar jijiyoyin da ke haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu ba ta ginu sosai ba, alamar cewa ƙwayar gadon ta taɓa ƙwaƙwalwar kai tsaye tun a ciki. Tiyatar buɗe ƙoƙon kai tana rage matsi, amma ba ta gina gadar da ba ta samu ba, saboda haka likitoci ke neman hoton ƙwaƙwalwar kanta a irin waɗannan yara, ba na ƙashi kaɗai ba.