Kada Ruwa Ya Sake Samun Mu Muna Barci

Jama'ar Maiduguri da Jere, da duk mai ɗan'uwa a sansanin gudun hijira, ku saurara. Damina na tafe. Me muka tanada?

Mun manta 10 ga Satumban 2024 ne? Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari mutane na barci. Gwange ta nutse. Fori ta nutse. Ruwa ya shiga fadar Shehu, ya shiga asibitin koyarwa, ya kwaso kadoji da macizai daga gidan namun daji ya zuba cikin unguwanni. Dubban ɗaruruwan mutane suka rasa wurin kwana. Da yawansu dama gudun Boko Haram ne ya kawo su daga Bama da Gwoza da Konduga. Sun tsere wa bindiga, ruwa ya sake korar su. Har sansanin Bakassi da aka rufe a 2021 sai da aka koma aka buɗe. Kuma ba wannan ne karon farko ba, Alau ta yi mana haka a 1994. Wa ya ba mu tabbacin ba za a yi na uku ba?

Ga abin da ya fi tayar da hankali. Hannun da ke miƙo agaji ya fara janyewa. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, wasu ƙasashen Turai suka rage kuɗin tallafi. A watan Yulin shekarar, Hukumar Abinci ta Duniya ta yi shelar cewa abincin rumbunanta ya ƙare, kuma abincin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas na gab da yankewa. Can Katsina, inda 'yan bindiga suka hana noma, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka mutu da tamowa a cibiyoyinta cikin wata shida na farkon 2025. Waɗanda aka iya kaiwa asibiti ke nan. Waɗanda aka binne a ƙauye fa?

To, wa muke jira? Motar agajin da ba lalle ta zo ba?

Iyaye mata, ku duba 'ya'yanku yau. Gashi ya yi ja ya yi laushi? Hannu ya tsotse? Danna yatsa a bayan ƙafarsa. In wurin ya loɓa bai taso ba, kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba ce. Yaron da ya daina wasa, ya ƙi nono, kada a ce haƙori ne. Ku kai shi a auna damtsensa. In igiyar awon ta nuna ja, kada ku kwana. Abincin tamowa mai gyaɗa da ake bayarwa a leda kuwa magani ne na yaro ɗaya. Kada a raba wa 'yan gida. Kada a kai shi kasuwa. Mai sayarwa da mai saye, duk ku ji tsoron Allah.

Bayan ambaliya amai da gudawa ke biyowa, domin ruwa na haɗa masai da rijiya. Ku tafasa ruwan sha. Ku ajiye ledar gishiri da sukari tun yanzu. Kwalara na iya kashe babban mutum cikin yini ɗaya, ina ga jariri?

Masu bukkoki a bakin Ngadda da cikin kwari, ku san tudun da za ku nufa tun hadari bai haɗo ba. Katin zaɓe, katin asibiti, katin karɓar abinci, ku ƙulle su a leda. In hukumar agajin gaggawa ta NEMA ko SEMA ta ce a tashi, a tashi. Tsoho da gurgu da mai ciki su fara fita.

Ku kuma masu hali, ba sai an nuno gawa a talabijin ba. Gemun ɗan'uwanku ya riga ya kama da wuta. Ku fitar da zakka da sadaka yanzu, kafin farashin gero ya haura a tsakiyar damina. Limamai, ku faɗa a huɗubar Juma'a. Masu unguwa, ku ƙirga baƙin da ke raɓe a kangaye da makarantu, ku kai sunayensu inda ake rabo. Wakilanmu a majalisa, ku je Alau da ƙafarku, ku dawo ku gaya mana inda gyaran madatsar ya tsaya. Makon nan, kafin ruwan farko.