Yesu, Abokin Talakawa

Karatu: Luka 24:13-35



A shekarar 1892, wani mai zane ɗan ƙasar Faransa, Léon Lhermitte, ya zana labarin da muka karanta yau. A zamaninsa akwai masu zane da suka ɗauri aniyar nuna rayuwa yadda take: manoma, masu girbi, fuskokin da rana ta ƙona. Shi ma ya yi suna wajen zanen manoma. Saboda haka sai ya sa Yesu cikin ɗakin wani talaka na ƙauyen Faransa, yana gutsuttsura gurasa. Maza biyu ma'aikata sun zuba masa ido cikin mamaki, ga mace da yaro suna kawo abinci. Ya raɗa wa zanen suna Abokin Talakawa. Yau yana ajiye a birnin Boston na Amurka.

Me ya sa ya yi haka? Ai ya san Imuwasu ba a Faransa take ba. So yake manomin da ya dubi zanen ya gane teburinsa, ya ce, "Ashe har gidana yana zuwa!"

Mu ma a ƙasar Zazzau muna da irin wannan shaida. A 1905 Likita Mila na mishan CMS ya zauna cikin birnin Zariya, a tsakiyar jama'a, yana jinyar marasa lafiya yana aikin fassara. A 1929 mishan ya koma Wusasa, bayan ganuwa. Majami'ar Bartalamawas da aka gina can, da ƙasa aka gina ta, irin ginin gidajen birni. A 1932 kuma cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Mai bi ya shiga ɗaki irin na kakanninsa, ya ji Maganar Allah da harshen da ya sha a nono.

To, ku lura da almajiran nan biyu. Sun bar Urushalima da baƙin ciki, sun fid da zuciya. Yesu ya yi tafiya tare da su, amma ba su gane shi ba sai da suka roƙe shi ya sauka wurinsu, suka zauna cin abinci. A nan idanunsu suka buɗe.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, wataƙila an yi maka rasuwa, ko rumbunki ya ƙare tun damina ba ta faɗi ba. Kada ka ce sai ka share hawaye, ka gyara gida, kafin ka kira shi. Tabarmar da kake da ita, shimfiɗa masa. Tuwon da ke akushi ya isa.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, yamma ta yi mana, ka shigo gidajenmu, ka buɗe idanunmu mu gane ka. Amin.