Hank Aaron: Gwarzon da Bai Ji Daɗin Nasararsa Ba

A ƙasar Amurka akwai wasan da ake kira besbol, inda ake dukan ƴar ƙaramar ƙwallo da kulki; gwani shi ne mai tsallakar da ita bayan shingen fili. Hank Aaron, baƙar fata haifaffen Mobile ta jihar Alabama, ya yi hakan sau 755 daga 1954 zuwa 1976.

Ran 8 ga watan Afrilu na 1974, a birnin Atlanta, ya yi bugu na 715, ya wuce Bature Babe Ruth mai 714. Amma bayan ya aje kulki, dattijon bai ɓoye ba cewa zamanin nan na baƙin ciki ne gare shi. Tun 1973 wasiƙu dubbai suka yi ta isowa, na yabo da na zagin launin fatarsa, har da masu barazanar kisa. Sai da aka haɗa shi da mai tsaro, aka kuma sa ido bisa ɗiyarsa da ke jami'a.

Wasiƙun zagin kuwa bai ƙona su ba. Adana su ya yi, yana sake karantawa jefi-jefi don kada ya manta. Ya rasu a 2021 yana da shekara 86.